Ina za a sa ayar?

Shagona yana New Town a nan Accra, kan layin da tun sassafe ba abin da ke tashi sai ƙarar injinan ɗab'i da warin tawada. Maƙwabtana na dama suna buga fastocin jana'iza da na 'yan siyasa, na hagu kuma katin biki da kalandar masallatai. Ni rabona ya faɗo kan kundayen ɗalibai. Yaro ya kawo rubutunsa a waya, in daidaita masa shafi, in buga, in aika a ɗinke da bango mai tauri. Na fi shekara 20 ina wannan aiki, kuma da za a tambaye ni wane sashe na kundi ne ya fi sa mini furfura, ba sai na yi dogon tunani ba. Shafukan ƙarshe ne, inda ake jera manazarta, waɗanda ba mai karanta su don jin daɗi.

Kwanan baya wata yarinya, wadda mahaifiyarta ke sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu a Nima, ta shigo da kwafi huɗu ɗinkakku a cikin leda, idonta jawur.

"Kawu, sun maido mini da shi."

"Subhanallahi. Zauna tukuna, 'yata. Me suka ce ya lalace?"

"Wai manazarta."

Na buɗe. Babi biyar ɗin nan da ta yi shekara tana wahala a kansu, kan tarihin makarantun allo a zangunan kudancin Ghana, jan biro bai taɓa su ba sai nan da can. Amma shafi tara na ƙarshe kamar an yanka kaza a kai. Malamai biyu ne suka duba. Na farko ya tarar da wata maƙala da sunanta ya ƙare da alamar tambaya, an kuma bi ta da aya, sai ya zagaye ayar ya ce a cire. Na biyu, a nasa kwafin, ya tarar da wata maƙalar mai alamar tambaya wadda ba a bi ta da aya ba, shi ma ya zagaye wurin ya ce a sa. Yarinya ta rasa wanda za ta bi. A wannan shafin dai, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya koma "Fodio, U. D." kamar wani akawun banki, hamzar da ke gaban kalmar 'yan ta juya baya, kuma duk inda harafin ɗ ya kamata ya zo an sa wani harafi dabam na harshen Ewe. Ba wanda ya zagaye ko ɗaya daga cikin waɗannan. An bar jaki ana dukan taiki.

Ra'ayina a kan wannan na daɗe ina faɗa wa duk wanda ya zauna a bencin shagona. Alamomin da ke cikin layin manazarta iri biyu ne. Akwai na tsari, wato ayoyi da waƙafan da ke raba sunan marubuci da shekara, shekara da sunan littafi, sunan littafi da maɗaba'a. Akwai kuma waɗanda marubucin ya zo da su, suna cikin jikin sunansa ko sunan aikinsa. Na farkon ganye ne da ake naɗe goro a huhu, na biyun shi ne goron. Duk inda suka yi karo, na tsarin ne ya kamata ya kauce. Kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja ba su taɓa fere goro don ya dace da ganye ba. Makarantunmu kuwa sun juya lamarin: ganyen ake dubawa da tabarau, a maido wa ɗalibi da kundi a kansa, goron kuma ko ya ruɓe ba mai cewa uffan.

Kada wani ya ɗauka raina aya nake yi. Mu da muka fara da allo kafin boko ba sai an yi mana wa'azi kan muhimmancin tsayawa ba. Ai sunayen alamomin nan, aya da waƙafi, daga can muka ɗauko su muka ba boko aro. Wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasashenmu ya san 'yan da'irori ukun nan masu ruwan ɗorawa da ake sakawa a ƙarshen kowace aya, ya kuma san bulalar da ke jiran yaron da ya karanta "bone ya tabbata ga masallata" ya rufe allo bai ƙarasa abin da ke biye ba. Amma a can, tsayawa tana yi wa ma'ana hidima. Layin manazarta shi ma aikinsa ɗaya ne tak: ya kama hannun mai karatu ya kai shi ga littafin da aka ambata. Alamar da ta taimaka wajen haka tana da daraja. Wadda ba ta ƙara komai ba, a yi mata ƙa'ida ɗaya a wuce wurin.

Abin haushin shi ne, ƙa'idar ma tana nan a rubuce. Mu ƙaddara wani ya rubuta maƙala ya sa mata suna "Wa ya kafa zangon Salaga?" Tsarin APA, wato ƙa'idojin rubuta manazarta na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wanda galibin ɗaliban da ke zuwa wurina suke cewa shi aka umarce su da bi, ya ce alamar tambayar ta wadatar, ba a ƙara aya a bayanta. Tsarin Chicago, na maɗaba'ar Jami'ar Chicago, shi ma haka ya ce game da aya. Inda Chicago ya ɗan yi dabam shi ne waƙafi: tun bugu na 16 da ya fito a 2010, ya yarda a bar waƙafi bayan sunan aikin da ya ƙare da alamar tambaya idan wurin yana bukatarsa. Ido bai cika son ganin haka ba, ni ma ba na so, amma akwai hujja, domin alamar tambayar ta sunan maƙalar ce, waƙafin kuma na jimlar. Ke nan malami na farko ya yi daidai, na biyu ya yi kuskure, kuma da sashen yana da takarda ɗaya da ta faɗi haka, da yarinyar nan ba ta sake biyan kuɗin bugu da ɗinki ba.

To me ya sa malamai masu ilimi suke saɓa wa juna a kan abin da ke rubuce? Domin kowa da zamanin da ya yi karatu da kuma ƙasar da ya yi. APA bugu na 6 ya fito a 2009, kuma a cikinsa sai ka rubuta garin da aka buga littafi, ka sa ruwa biyu, sannan sunan maɗaba'a. Bugu na 7 ya zo a ƙarshen 2019 ya share garin gaba ɗaya. Wanda ya yi digirinsa a tsakanin nan zai nemi ya ga Zariya da ruwa biyunta, wanda ya gama bara kuma zai soke ta. Sannan ga gadon da muka ci biyu. Makarantun Ghana a hannun Ingila suka tashi, inda aka saba da alamar zance guda ɗaya, waƙafi kuma a wajenta. Littattafan tsarin da muke bi yau na Amurka ne, inda alamar zance biyu ce, aya da waƙafi kuma a cikinta suke kwana ko da ba na marubucin ba ne. Shi kuwa abin da ake kira tsarin Harvard, ba shi da wani littafi guda da za a ɗauko a ce ga hukunci. Kowace jami'a tana rubuta nata ne ta laƙaba masa sunan. Idan sashe ya ce wa ɗalibi "bi Harvard" ya yi shiru, kamar ka ce wa baƙo "gidan yana Zango" ne ka juya ka tafi.

Akwai wata aya da ta fi wannan ɓarna, ita ce wadda ake mannawa a ƙarshen adireshin intanet. Malami yana son kowane layi ya ƙare da aya don ya yi kyau. Mai karatu ya kwafi adireshin tare da ayar, ya liƙa, shafi ya ƙi buɗewa. Shi ya sa APA ya ce kada a sa aya bayan adireshi ko lambar DOI, wato lambar da ake nemo maƙala da ita a intanet. Nan ma ana zagaye wa yara da jan biro, wai sun manta.

Na'ura ba ta raba wannan gardama ba, sai dai ta ƙara mata sauri. Ɗan ƙanena da ke karatun lissafi shi ya nuna mini yadda suke yi da LaTeX, wata manhajar tsara rubutu, inda ba ka taɓa layin manazarta da hannu. Kana zuba bayanan littafi a wani fayil, sai wata manhaja mai suna BibTeX, wadda Oren Patashnik ya rubuta tun 1985, ta jera maka su. Mutumin ya yi tunanin matsalarmu tun wancan lokaci: kafin ta sa aya sai ta duba abin da ke ƙarshe, in ta ga aya ko alamar tambaya ko ta motsin rai sai ta janye hannu. Amma wasu salon, musamman na injiniyoyi, suna cusa waƙafi cikin alamar zance ba tare da sun duba ba, sai ka ga alamomi uku sun yi cirko-cirko a wuri ɗaya. Wadda ta zo daga baya, biblatex ta Philipp Lehman, ta fi wayo, domin tana riƙe da lissafin alamar da ta gabata. Duk da haka ba ta iya bambance ayar ƙarshen zance da ɗigon taƙaita kalma sai ka gaya mata. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Littattafan addini nawa ne sunansu ke ƙarewa da S.A.W. ko R.A.? Idan ɗigon ƙarshe na taƙaitawa ne, tsarin kuma yana son waƙafi a bayansa, sai na'ura ta ɗauka zance ya ƙare ta haɗiye waƙafin. Idan kuma haruffan suna cikin baka biyu, to ɗigo a ciki, aya a waje, haka ne daidai ko da ya yi kama da kuskure. Na sha hana ɗalibai goge wannan.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi ci mini rai, wato hamza.

A wurin Bature, wannan ɗan ƙaramin waƙafi da ke rataye a sama alama ce kawai. A wurinmu harafi ne. Cire shi daga 'ya'ya ka ga abin da ya rage: yaya, wanda ko dai babban ɗan'uwa ne ko tambaya. Asma'u, Sa'idu, ma'aikata, jama'a, duk da shi suke tsaye. Amma Word bai san haka ba. Da ka buga hamza a farkon kalma sai ya ɗauka zance za ka buɗe, ya juya ta ta koma kamar ƙaramar lamba 6, alhali tamu kamar 9 take. Dabarar da nake koya wa yaran shagona ita ce su buga ta sau biyu su goge ta farko. Ƙaramin aiki ne, amma a kundi mai shafi 120 da ke maganar 'yan kasuwa da 'yan Zango da 'ya'yan malamai, sai ka yini.

Ka ɗauki maƙalar da sunanta ya fara da 'Ya'yan, a kuma ce a sa ta cikin alamar zance guda ɗaya irin ta Ingila. Alamar buɗewa da hamza za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, su yi kama da alamar zance biyu da aka buɗe ba a rufe ba. Duk mai dubawa da bai ji Hausa ba, hannunsa zai yi ƙaiƙayi ya goge ɗaya, kuma sau da yawa hamzar ce ke tafiya. A irin wannan wuri ni alamar zance biyu nake amfani da ita a dukan jerin, in kuma an hana, in sa ɗan siririn fili a tsakani. Mutanen Nijar sun huta da wannan rigima tunda su ƴ suke rubutawa, harafi guda mai ƙugiyarsa. Amma ba ni da ikon ɗauko ƴ in sa wa marubucin Kano da ya rubuta 'y a bangon littafinsa.

Sai wajen jerawa. Sunan da ya fara da hamza, irin na marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa in an rubuta shi da cikakkiyar Hausa, wata manhajar sai ta jefa shi can sama kafin harafin A, domin a wurinta alama tana gaba da haruffa. Sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ kuma ta tura shi ƙasa bayan Z, kamar baƙon da bai da wurin zama. Mai neman Ɗanjuma zai duba wajen D, bai gani ba, ya ce ba a ambace shi ba.

Maganar ɗ ɗin nan kuwa ciwo ne namu na Ghana. Harshen Ewe yana da harafi mai kama da shi, ɖ, amma tasu wutsiya ce a ƙasa, tamu ƙugiya ce a sama. Allon rubutu da ake sa wa kwamfuta don harsunan Ghana yana ɗauke da ɛ da ɔ na Twi da ɖ na Ewe, sai yaro ya ga d mai ado ya ɗauka namu ne. Ban ga laifinsa sosai ba. Hausa tana ko'ina a ƙasar nan, a kasuwa da tasha da rediyo da wa'azi, amma a yau ba ta cikin harsunan da Hukumar Harsunan Ghana ke wallafa littattafai da su, kuma yawancin yaranmu ba a taɓa zaunar da su a aji an koya musu rubuta ta ba. Da baki muka gaje ta. 'Yan Kano suna yi mana dariya wai Hausar Zango ba ta raba mace da namiji, mu kuma mu ce tamu ce ta yi fatauci ta ga duniya. Wannan wasa ne tsakanin 'yan'uwa. Amma in aka zo rubuta sunan mutum a takardar da za ta zauna a laburare shekara 50, wasa ya ƙare. Littafin Chicago kansa, da ake bugawa a can Amurka, ya ambaci haruffan Hausa masu ƙugiya a babinsa na harsunan waje. Mu da muke da harshen ne ba mu damu ba.

Waƙafin da ke juya suna shi ma ba banza yake ba. Idan ka rubuta suna, ka sa waƙafi, sannan haruffan farko, kana shaida wa duniya cewa abin da ke gaban waƙafin sunan dangi ne. Ga Bature haka ne. Ga Abubakar Tafawa Balewa fa? Tafawa Balewa gari ne guda a ƙasar Bauchi. Wanda ya rubuta "Balewa, A. T." ya raba gari biyu, ya ba mutumin rabi, ya mayar da ɗaya rabin harafi da ɗigo. Ɗan Fodiyo kuwa ma'anarsa ɗan Malam Fodiyo, to in ka datse "Ɗan" ka bar "Fodiyo" ka jingina aikin ga mahaifinsa ke nan. Manyan littattafan tsari sun san ba kowace al'umma ke da sunan dangi irin na Turai ba. Chicago ya ware bayani kan sunayen Larabawa da Sinawa da mutanen Indonesiya. Zotero ma, manhajar tara manazarta da ɗalibai da yawa ke amfani da ita, tana da maɓallin da zai haɗe suna ya zama gida ɗaya kada a juya shi, a BibTeX kuma ƙarin baka ake sa wa sunan. Hanya tana nan. Wanda zai ce a bi ta ne babu.

Babu wanda ya fi nuna wannan kamar malaminmu na nan ƙasar, Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934. Wani marubucin zai kira shi Imam Imoru, wani Alhaji Umaru, wani kuma al-Hajj Umar b. Abi Bakr, da wata 'yar alamar aini a gaban Umar da karan tsawo a kan wasula. Wannan "b." ɗin taƙaitawar "ibn" ce. Word yana ganin ɗigonta ya ɗauka jimla ta ƙare. BibTeX kuma, da yake ƙaramin harafi ce, sai ta lissafa ta cikin irin "von" da Jamusawa ke sawa a gaban sunan dangi, ta mayar da Abi Bakr sunan dangi. Alamar aini, in nau'in rubutun bai da ita, ta zama akwati fanko ko ta rikiɗe ta zama alamar buɗe zance. A kundi ɗaya na taɓa ganin malamin nan ya fito sau uku a jerin manazarta, a ƙarƙashin I da U da A, kamar mutum uku. Yawancin ayyukansa rubutun hannu ne, kuma akwai su a tarin da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara a shekarun 1960, inda kowanne ke da lambar ajiya mai farawa da IASAR. Irin wannan takarda sau da yawa ba ta da maɗaba'a, ba ta da shekara, wani lokaci ko suna ba ta da shi sai kalmomin farko. Lambar ajiyar nan ita kaɗai za ta kai ka gare ta. Na ga ɗalibai sun yar da ita don ba ta da gurbi a samfurin da aka ba su, suka cike wurin da ɗigo-ɗigon "babu shekara, babu maɗaba'a", aka kuma sa musu hannu.

Idan kuma aka ce a rubuta sunan littafin da harafin Larabci a tsakiyar layin boko, nan ne ake ganin aya tana tsalle. Rubutu ɗaya yana tafiya dama, ɗaya hagu, aya da baka biyu kuma ba su da ɓangare, sai su bi wanda ya fi kusa. Ka sa ta a ƙarshe, ta bayyana a farko. Wannan kam ba na jin haushin kowa a kai, aikin maɗaba'a ne, mu ya kamata mu iya.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malaman da ke zagaye aya ba mahaukata ba ne. Sun san ɗalibin da ya kwaso rabin manazartarsa daga Google Scholar, rabi daga bayan kundin wani, bai ko buɗe littattafan ba, a alamomin rubutu ake fara kama shi, domin layi biyar za su zo da salo biyar. Malamin da ke da kundi 30 a tebur ba zai iya zuwa laburare ya tabbatar da kowane shafi ba, amma zai iya ganin waƙafi. Na fahimci wannan. Kuma daidaito yana da amfaninsa: ido yana saurin gano shekara idan kullum a wuri ɗaya take. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hukunta yaro kan dokar da ba a rubuta ba, wadda masu hukuncin ma ba su daidaita a kanta ba.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma daga ɗaya ɓangaren ne. Da na fara samun nau'in rubutu mai ƙugiya, zumuɗi ya ɗebe ni, duk sunan Bahaushen da na gani a manazarta sai in gyara masa. Wani masani da ya wallafa dukan ayyukansa da D mara ƙugiya, na mayar masa da Ɗ, na kuma raba masa sunan gida biyu yadda nahawu ya ce. Mai kundin ya dawo bayan wata biyu yana cewa wani abokin karatunsa ya nemi mutumin a kundin laburare da sunan da na rubuta bai same shi ba. Gyaran gangar Auzinawa na yi. Tun daga ranar na kama ƙa'ida ɗaya: abin da ke bangon littafi shi ke shiga manazarta. Iyalin marigayi shugaban Najeriya Yar'Adua suke rubutawa a takardun hukuma, to wanda ya ambaci takardar hukuma haka zai kwafa. Babban Limamin ƙasa, Shaikh Osman Nuhu Sharubutu, da O ake rubuta sunansa a nan Ghana, ba ni da hurumin mayar da shi U don a Sakkwato Usmanu ake cewa. Tsofaffin littattafan da aka buga kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, waɗanda ke sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko hamza a gefensa, su ma a bar su da tsufansu. Kare hamzar marubuci da ƙin ƙaƙaba masa wadda bai sa ba, duk abu ɗaya ne.

Abin da nake roƙon shugabannin sassa bai kai a kafa masa kwamiti ba. Takarda ɗaya, gaba da baya, a manna a allon sanarwa. Ta faɗi tsarin da ake bi da bugu na nawa. Ta faɗi abin da za a yi in sunan aiki ya ƙare da alamar tambaya ko da taƙaitacciyar kalma. Ta kawo misali biyar ko shida na sunayen da ɗalibanmu ke ambata kullum, na Hausa da na Dagomba da na Larabci, ta nuna wanda ake juyawa da wanda ake bari a tsaye, da inda mai hamza da mai ƙugiya za su zauna a jeri. A kuma duba manazarta tun kundi yana kwamfuta, kafin a ce a ɗinko kwafi huɗu. Na san wannan na ƙarshen zai rage mini ciniki, domin duk kundin da aka maido ni ake sake biya. Amma kuɗin da aka tara da kwanon koko ba ya yi mini daɗin karɓa sau biyu.

Yarinyar nan dai na ce ta koma ta tambayi shugaban sashensu wanne za ta bi cikin biyun. Ta yi kwana uku tana zarya a tirotiro, motar hayarmu ta nan, kafin ta same shi. Ya ce ta zaɓi wanda ta ga dama, in dai ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Muka bi APA bugu na 7, muka cire ayoyin da ke bayan alamar tambaya da na bayan adireshi. Tunda na riga na buɗe fayil ɗin, na zauna har bayan isha'i na juyo da hamzoji 40 da wani abu, na canza ɖ zuwa ɗ ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa Shehu da cikakken sunansa kamar yadda yake a bangon littafin da ta karanta, na kuma sa ta kira wanda ya kai ta Legon ya karanto mana lambobin ajiya biyu da ta zubar. Mai ɗinki ya farke bango ya sauya shafi tara a kowane kwafi. Aka karɓa, ba wanda ya ce komai game da hamza ko ƙugiya.

Tsofaffin shafukan, na ware masu ɗauke da sunan Allah da na Manzo na ƙona, sauran na ba ta ta tafi da su. Bayan sati ɗaya mahaifiyarta ta aiko mini da koko da ƙosai da sassafe. Ƙosan yana naɗe a shafi na 114, mai ya jiƙa takardar har ana ganin jan da'irar malami na biyu ta baya.